Tubali, bulon siminti ko bulon matsi: da wanne za a tayar da ɗaki a karkarar Kano da Jigawa?

Da an gama girbi, kuɗin riɗi ko na shinkafa sun shigo hannu, maganar gini ke tasowa a gidaje: yaro zai yi aure, ɗakin tsohuwa ya tsage da damina, ko katanga ta kwanta. A da ba a dogon tunani, magini ake kira a cuɗa ƙasa. Yanzu duk wanda ya samu hali bulon siminti yake nufa, har ginin ƙasa ya koma kamar shaidar rashi. Amma tun da buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, ka bi kowace hanya daga Wudil zuwa Gaya ko daga Ringim zuwa Taura, za ka ga gine-ginen da suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a cikinsu. Akwai kuma hanya ta uku da ba ta yaɗu ba tukuna, wato bulon jar ƙasa da ake ɗan sa wa siminti a matse shi da inji. A nan za mu kira shi bulon matsi.

Domin kwatancen ya tsaya a kan abu guda, mu ɗauki ɗaki ɗaya, ƙafa 12 da 12, tsayinsa ƙafa 10, da ƙofa ɗaya da taga biyu. Bangonsa zai kai murabba'in mita 40 ko kusa da haka. Harsashi da daɓe da rufi mun ajiye su gefe, domin kowane irin gini yana buƙatarsu.

Bulon siminti

Bulo mai inci 9 guda goma ne ke cika murabba'in mita ɗaya, saboda haka ɗakin zai ci guda 400. Idan ana son bulo na kirki, buhu ɗaya bai kamata ya fitar da fiye da 30 ba, ka ga buhu 13 ke nan. Ɗora su zai ci wajen buhu 7, filasta ciki da waje wani buhu 7. Jimla buhu 27. Wanda ya sauko zuwa inci 6 zai tashi a wajen buhu 22. Ga kuɗin tifar yashi a kai.

Matsalar ita ce bulon da ake sayarwa a bakin titi ba kasafai yake bin wannan lissafi ba. Mai buga bulo da ke son riba yakan ja buhu ɗaya ya fitar da 45 ko 50, ya yi ban ruwa kwana biyu, a rana ta uku ya loda wa mai saye. Siminti kuwa ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, ruwa ne. Yana buƙatar a jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Ka goga babban yatsa a kusurwar bulo. Idan yashi ya zubo, ba ka sayi bulo ba, ka sayi yashi mai siffar bulo, filasta ce kawai za ta rufa masa asiri.

Duk da haka a ba shi haƙƙinsa. Bulon siminti mai kyau yana tsayawa cikin ruwa kwana da kwanaki bai narke ba, birkila yana nan a kowane ƙauye, kuma ranar da aka tashi sayar da gida shi ke da daraja. Inda ya gaza shi ne zafi. Cikinsa rami ne, fatar da ke tsakanin rana da ɗaki ba ta da kauri, don haka a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin la'asar bangon yamma ya zama kamar murhu. A birni ana rufe wannan aibi da fanka da na'urar sanyaya ɗaki. A ƙauyen da wuta ba ta zuwa, tabarma ake ja a fita tsakar gida.

Tubali da bulon ƙasa

Bangon tubali ba ya cin siminti ko cokali ɗaya. Jar ƙasa ake haƙowa, a jiƙa, a zuba ciyawar da aka daddatsa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ko uku tana ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakewa kafin a mulmula tubalin a shanya. Wannan ruɓar da ake gani kamar ɓata lokaci ita ke sa laka ta ratsa ko'ina ta kama ciyawar. Maginin asali yana fara bango da kauri a gindi, ƙafa biyu ko fiye, yana rage shi yana hawa, kuma ba ya ɗora fiye da layi uku ko huɗu ba tare da ya bar su sun sha iska ba. Da irin wannan hannu Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da irin wannan ginin ƙasa kuma aka yi Gidan Makama da ganuwar Kano.

Irin wannan bango mai kauri yana riƙe zafin rana sa'o'i takwas zuwa goma kafin ya ratso ciki. Da rana ɗakin na da sanyi, da daren hunturu kuma yana da ɗumi. A bazara dai yakan saki zafin da tsakar dare, shi ya sa yake son taga biyu masu kallon juna da za a buɗe bayan isha.

To me ya sa gidajen ƙasa ke zubewa kowace damina, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 a Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Miga da Ringim? Yawancin abin da ake kira ginin ƙasa a yau ba tubali ba ne. Bulon ƙasa ne da ake bugawa a akwatin katako, girmansa ɗaya da na siminti, a jera shi layi ɗaya mai kaurin inci 9 ko ma 6, a kan rami mai zurfin taƙi ɗaya. An ɗauki sirantar bulon siminti ba tare da ƙarfinsa ba, an kuma yar da kaurin tubali wanda shi ne ƙarfinsa. Ruwan da ya kwanta a gindin bango yana hawa cikinsa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, gindin ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi, bango ya kife. Ta sama kuma indararo ne ke toshewa, ruwa ya taru a soro, ya bi ta kan azara ya shiga tsakiyar bango. Bangon gabas ne ke fara cinyewa, domin hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa da iska.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafa wa bangon ƙasa filastar siminti kai tsaye. Ƙasa tana kumbura tana tsukewa da laima, siminti ba ya yi, saboda haka cikin damina biyu sai su rabu. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, ya ci bangon a ɓoye. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, wata rana filastar ta faɗo da rabin bangon. Yaɓen makuba, da ake yi da ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ya fi dacewa da ƙasa domin yana barin ta ta yi numfashi, sai dai ana sabunta shi. Laso, wanda ake haɗawa da katsin karofi da gashin jima da dafara, ya fi daɗewa, amma katsi ya yi wuya tun da marina suka ragu. Tubali arha ne ranar gini, yana karɓar kuɗinsa ne da ƙwadago duk shekara. Gidan da matasansa suka tafi ci-rani Legas ko Abuja, ba mai yaɓe, shi ne gidan da ke faɗuwa.

Bulon matsi

Injin hannu na matse ƙasa ba sabon abu ba ne. A ƙasar Kolombiya aka ƙera na farko da ya yaɗu, mai suna Cinva-Ram, a shekarun 1950, kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya, wato NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera irin nata. Bulon da aka saba fitarwa santimita 29.5 ne a tsawo, 14 a faɗi, 9 a tsayi, nauyinsa kilo bakwai da ɗoriya.

Komai ya rataya a kan ƙasar. A kwashe ta sama mai saiwoyi da taki, kamar ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, domin ruɓaɓɓen abu yana hana siminti kamawa. A ɗebi ta ƙasa a zuba a kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. Abin da ake so shi ne yashi da ƙananan tsakuwa su kai rabi zuwa kashi 70 cikin 100, laka kuma kashi 10 zuwa 20. Gwaji na biyu ya fi sauri: a kwaɓa ƙasar, a murza ta kamar kaurin babban yatsa, a riƙa turo ta daga bakin tebur. Idan ta karye kafin santimita 5, yashi ya yi yawa. Idan ta wuce 15 ba ta karye ba, laka ta yi yawa, sai an ƙara yashi.

Wannan gwaji ne ke raba yankunan. Jar ƙasa mai marmara ta kudancin Kano, wajen Rano, Tudun Wada, Sumaila da Doguwa, sau da yawa ba ta buƙatar gyara. A arewacin Jigawa, Gumel, Maigatari, Babura, Sule Tankarkar, rairayi ne ya fi yawa, sai an nemo ƙasa mai danƙo an gauraya, in ba haka ba bulon zai marmashe tun wajen ɗaga shi daga inji. Baƙar lakar fadamar Haɗeja kuwa ita ce mafi wuya: tana kumbura da ruwa, tana dardarewa da rani, kuma siminti ba ya iya riƙe ta sai an zuba yashi mai yawa.

A busar da ƙasar, a farfasa, a tankaɗe da rariya mai ido kamar milimita 5 zuwa 10. Ma'aunin da ya fi aiki shi ne siminti kashi 6 cikin 100, wato buhu ɗaya ga baro goma masu cin lita 60, a shafe bakinsu ba tare da tozo ba. Wannan zai ba da bulo 110 ko ɗan sama. Kada a kwaɓa buhu guda a lokaci ɗaya. Rabin buhu da baro biyar ya isa, domin da ruwa ya taɓa siminti, cikin sa'a ɗaya ya fara kamawa, kuma abin da aka matse bayan nan ƙarfinsa ya ragu. A fara gaurayawa a bushe har launin ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Ba kwaɓi ake so ba, danshi ne: ka dunƙula a hannu, ka sake daga daidai ƙirji. Idan ya watse ya zama gari, ruwa bai isa ba. Idan ya manne bai fashe ba, ya yi yawa. Idan ya rabu gida biyar ko shida, ya yi daidai.

Mutum biyar ko shida da injin hannu ɗaya za su fitar da 300 zuwa 500 a yini. Inji nagari yana danne ƙasa mai tsayin santimita 15 ko 16 ta koma 9. Masu walda na iya ƙera shi, amma idan aka yi akwatin da siririn ƙarfe, zai buɗe bayan 'yan dubbai, bulo ya riƙa fitowa da kumburi a gefe, layi ya ƙi miƙewa. Lebura da ya gaji kuma yakan rage ƙasar da yake zubawa don sandar ta yi sauƙin dannawa, sai a samu bulo mai kyan gani marar nauyi. Maganinsa gwangwanin awo ɗaya da ba a canzawa, da sikeli da za a riƙa ɗora bulo ɗaya cikin kowane hamsin.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an buga. Lokacin gini a nan ya faɗo daidai da hunturu, kuma iskar hunturu tana shanye danshin bulo cikin sa'o'i kaɗan, kafin siminti ya yi aikinsa. A jera su, a lulluɓe da leda nan take, a danne gefen da ƙasa, a riƙa yayyafi kullum har kwana 7 zuwa 14, sannan a buɗe su bushe a inuwa. Ba a ɗora su a bango sai sun cika kwana 28.

Lissafin ɗakinmu: bango mai kaurin santimita 14 zai ci bulo kamar 1,300, buhu 12 ke nan, da buhu 3 na ƙasar ɗorawa. Buhu 15, ba filasta, ba tifar yashi. Sai dai masu tallar bulon matsi ba sa son faɗin sauran maganar. Bango mai santimita 14 bai kai tubali sanyi ba, kuma dole ne a ɗaure samansa da linta mai rodi da ta zagaye ɗakin. Idan aka ninka shi ya koma kusan 30 don a samu sanyi irin na soron da, bulo 2,600 ne da buhu 30, ya wuce na bulon siminti. Hanyar da ta fi ma'ana ita ce a ninka bangon yamma kaɗai, ko a yi masa rumfa ko a dasa darbejiya, sauran a bar su layi ɗaya.

Harsashi da rufi sun fi bango

Ko wanne aka zaɓa, simintin farko a gindi ya kamata ya tafi. A haƙa rami ƙafa biyu ko har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba kankare inci 6, a tayar da dutse ko cikakken bulon siminti har ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan bango ya hau. A Dutse, Birnin Kudu da Kazaure, inda dutse ke kusa, wannan ba shi da tsada. Tubali a kan irin wannan gindi ya fi ƙazamin bulon siminti da aka dasa a taɓo.

Yawancin zafin ɗaki kuma ta sama yake saukowa. Kwano da tsakar rana yana kai digiri 60 zuwa 70, kuma idan ba silin, duk kuɗin da aka kashe a bango mai sanyi an zubar. Rufin azara ya fi kowanne sanyi, amma azarar giginya ba ta wuce ƙafa shida ba tare da baka ko ginshiƙi ba, ta yi tsada, giginyar ma ta ragu. Itacen turare da ake maye gurbinta da shi gara na cinye shi. Abin da ya fi dacewa da aljihun mutumin karkara shi ne kwano da silin, ko na zana ne ko asabari, a bar tazara a tsakani da ƙofofin iska a gefe biyu, a sa raga saboda jemagu. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, makarantar firamare da mai zanen gini Francis Kéré ya gina a 2001 haka take: bulon matsi, silin na bulo, kwano a ɗage can sama iska na wucewa. A 2022 ya samu lambar Pritzker, babbar lambar masu zanen gini ta duniya.

Akwai saɓani ɗaya da sai mai gini ya yanke. Al'adar nan ita ce a ɓoye kwano a bayan rawanin bango don kada iska ta yaye shi, amma hakan na barin bango tsirara a gaban ruwa. Bulon siminti mai filasta zai jure. Tubali da bulon matsi suna son kwano ya leƙo ƙafa biyu, kuma idan ya leƙo, dole a ɗaure katakon da waya ko rodi da aka binne cikin linta, ba ƙusa kaɗai ba.

Inda kuɗin ke tafiya

Babu kamfanin da ke ƙona siminti a Kano ko Jigawa. Daga Obajana a Kogi, Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gwambe ko Gboko a Binuwai ake jawo shi a tirela, ɗaruruwan kilomita a kan gas. Kowane buhu da aka saya, mafi yawan kuɗin ya bar garin. A tubali da bulon matsi kuwa, kaso mafi girma ladan masu haƙa ne, masu tankaɗe, masu amalanke, mai walda da magini, kuma aikin yana zuwa ne da rani, daidai lokacin da matasa ke barin gida.

Ta fuskar sauyin yanayi, ana ƙona dutsen farar ƙasa ne a zafin digiri 1,450 kafin ya zama siminti, kuma dutsen kansa yana sakin iskar kabon ban da ta makamashin. Masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wannan iska a duniya. Buhu ɗaya yana tafe da kilo 30 zuwa 40. Buhu 12 da bulon matsi ya rage a ɗakinmu, daga 27 zuwa 15, kabon ɗinsu ya kusa rabin tan. A ɗaki ɗaya ba wani abu ba ne, amma ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 200 da yawancin gidajen da za su zauna ciki ba a gina su ba tukuna. Najeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa za ta daidaita iskar kabon da take fitarwa da wadda ake shanyewa nan da 2060, ta kuma yi dokar sauyin yanayi a shekarar. Tun 2017 akwai ƙa'idar tarayya ta tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi maganar girman taga da kare rufi daga zafi. A ganinmu takarda ba za ta motsa kasuwa ba sai ranar da jiha ko ƙaramar hukuma ta fara ba da kwangilar ajujuwa da ɗakunan shan magani da bulon matsi, da ma'aunin ƙarfi da za a gwada kafin a biya. Hakan ne zai sa mai walda ya ƙera inji da yawa, birkila ya koyi ɗora bulon da ba za a rufe da filasta ba, mai gida kuma ya daina ganin jar ƙasa a matsayin talauci. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, sabon masallacin da aka kammala a 2018 da bulon matsi aka yi shi, tsohon na ƙasa kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu.

Jan bulo da ake gasawa da itace ba mu sa shi a lissafi ba. Yana da ƙarfi, amma a yankin da ake dasa bishiyoyi don tare hamada, ƙona su don gina ɗaki ba ciniki ba ne.

Wanne ga wa

Wanda filinsa ke kwari ko bakin fadama, inda ruwa ya taɓa kwanciya, ya tambayi dattawa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ya yi bulon siminti nagari har ya wuce wannan alama. Daga nan zuwa sama yana iya ci gaba da bulon matsi. Tubali dai a irin wannan wuri kasada ce. Wanda ke kan tudu, da jar ƙasa kusa, da hannayen da za su yi yaɓe, tubali mai kauri a kan harsashin dutse shi ne mafi arha kuma mafi sanyi, kuma kuɗin da ya rage ya sa a silin. Wanda ke son gida mai tsabtar gani ba tare da yaɓen shekara-shekara ba, bulon matsi ne nasa, amma ɗaki ɗaya bai isa a sayi inji ba. Sai mutum huɗu ko biyar sun haɗa, ko ƙungiyar manoma ta saya ta riƙa ba da haya. Shago a bakin kasuwa ko ginin bene, bulon siminti da injiniya.

A kuma yi shawarar inda za a haƙa tun kafin a fara. Ɗaki ɗaya na bulon matsi yana cin ƙasa baro 120 ko fiye, tubali ya ninka haka, kuma ramin da aka bari a tsakiyar gari shi ne kududdufin sauro da yara ke faɗawa da damina.

Idan sayen bulon matsi za a yi ba bugawa ba, a ɗauki guda uku daga tsakiyar tari, ba waɗanda mai sayarwa ya miƙo ba, a nutsa su a bokitin ruwa kwana ɗaya cur. Wanda aka yi daidai zai fito da kusurwoyinsa a tsaye, ruwan bai yi ja sosai ba, kuma ƙusa ba za ta shige shi da hannu ba. Idan gindin bokitin ya tara taɓo, ko dai an rage siminti ko an bar iska ta busar da shi, kuma sauran tarin ma haka suke.